Famfon mai Walbro 255 a tsohuwar Silvia S14, bayan wata 18 ina hawa

Tun ranar da na ɗaura famfon nan bakina ke ƙaiƙayi in yi magana a kansa, amma na ce bari dai ya sha zafi ya sha sanyi tukuna, don kayan mota sabo ba a yi masa shaida a satin farko. Yanzu watansa 18 a cikin tanki, na yi doguwar tafiya da shi, na ajiye motar sati uku na dawo ta tashi bugu ɗaya, na kuma matsa mata iya matsawa, to yanzu kam ina da bakin magana.

Motar Nissan Silvia ce S14 ƙirar 1996, irin wadda a Turai ake ce wa 200SX, injin SR20DET mai silinda huɗu lita 2, da turbonta na asali T28. Irin ta Japan doki 220 aka rubuta mata daga kamfani, turbon kuma yana hura iska mai matsin kusan rabin bar, bar ɗin shi ne ma'aunin matsi. Ni dai na fara ne da abin da ido ke gani kunne ke ji, na sa salansa mai faɗi, na sa babbar intakula mai sanyaya iskar turbo a gaba, na sa abin ƙara bust, wato matsin iskar da turbo ke hurawa, na kai shi bar 0.9. Duk wannan fa iska ce kawai nake ƙara wa injin. Ɓangaren mai ban taɓa shi ba, famfon da ta fito da shi tun 1996 shi ne dai a ciki yana ta fama.

A giya ta huɗu abin ya fara nuna kansa. In na take totur har ƙasa motar tana ja lafiya lau har allurar juyin inji ta wuce 5,500, daga nan sai in ji kamar wani ya ɗan riƙe ta ta baya, ba tari ba ne ba kuma yankewa ba, wani ɗan sanyin jiki ne kawai wanda in ba kai ke hawanta kullum ba ba za ka lura ba. Allah ya taimake ni na riga na sa gejin da ke auna iska da mai a salansa, irin wanda ake ce wa waidban. Sensar asali ta motar ba ta da amfani a nan, ita iyakacinta ta gane kusa da 14.7, wato iska kashi 14.7 mai kashi 1, kuma wannan na tafiyar yau da kullum ne. Injin turbo in yana cikin bust so ake ya zauna tsakanin 11.5 da 12, saboda wannan rarar man ita ke sanyaya cikin silinda. Nawa yana farawa daga 11.8, kafin in canja giya sai in ga 12.5, 12.9, har ya leƙa 13. Ƙishirwa injin ke ji a daidai lokacin da ya fi buƙatar sha, kuma daga nan ba nisa zuwa ga ƙarar nan mai kama da ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, wadda ke farfasa gefen fistin inda ringi ke zama.

Makaniken da ke duba min ita dattijo ne mai haƙuri, da na je masa da jerin kayan da zan saya sai ya ce, “Alhaji ajiye takardar nan, mu fara tambayar motar tukuna.” Ya yanka tiyon mai bayan filta ya sa mahaɗa, ya ja dogon tiyo ya fito da gejin auna matsin mai ta bayan bonet ya maƙale shi a ƙarƙashin waifa da salatif yana kallon direba, ya ce kada geji mai ɗauke da fetur ya taɓa shiga cikin mota. Na ja, shi yana gefe idonsa na kan allura.

Ga yadda lissafin yake ga wanda bai sani ba, don duk maganar a nan take. A injin nan matsin mai bar 3 ne in ka cire siririn tiyon iska daga kan regileta mai daidaita matsin mai, in ka mayar da shi mota na silo sai ya sauka kusan 2.5. To nozul yana fesa mai ne cikin manifol, kuma in turbo ya cika manifol da iska mai matsi, iskar tana tura man baya, shi ya sa aka yi regileta ta riƙa ƙara matsin mai ɗaya bisa ɗaya da bust. Bust 0.9, mai ya zama 3.9. Bust bar 1, mai bar 4. Ranar nan allurar ta hau har 3.8 da farkon bust, tana nan, tana nan, sai muka ga ta fara zamewa a hankali, 3.6, 3.4, har 3.2 kafin in ɗaga ƙafa. Ya juyo ya ce “Ka gani ko? Ba nozul ba ne tukuna, rijiyar ce ba ta kawowa.”

Famfon farko da na saya na jabu ne, gara in faɗa don kada wani ya faɗa ramin. A intanet na gan shi wurin wani mai sayarwa, hoto iri ɗaya suna iri ɗaya, arha kuma ta ja ni. Sati biyar ya yi ya fara wani kuka mai hawa da sauka, gejin kuma ya koma nuna abin da tsohon ke nunawa. Da na samo na gaske daga dilan da kamfanin ya amince da shi na ajiye su gefe da gefe, rubutun jikin na jabun bai zauna sosai ba, robar kansa ma ba ta da tsabtar aiki. Wani abu da ke rikita mutane, tun 1999 kamfanin TI ya sayi Walbro, saboda haka in ka ga an rubuta TI Automotive a kwali ko a jikin famfon kada ka ce an cuce ka, shi ne. Lambar nawa GSS342, wanda ake sa wa a cikin tanki, mai jure matsi.

Ɗaurawa ba wuya amma fetur ba abin wasa ba ne. Mun bari tanki ya kusa ƙarewa, muka zare fis ɗin famfo muka tada mota har ta mutu da kanta don matsin ya fita, muka buɗe murfin tanki, muka cire kan batir, a fili muke ba cikin rufaffen gareji ba kuma abin kashe gobara na kusa da ƙafata. Ta cikin but ake shiga, akwai murfi can wajen bayan kujerar baya. Ka yi wa tiyo biyun alama kafin ka cire, wanne ke kai mai wanne ke dawo da shi, don in ka juya su mota ba za ta tashi ba ka yi ta zargin sabon famfo a banza.

Abin da muka zaro daga tankin nan ranar da muka fara buɗe shi har yau ina ganinsa a idona. Ƴar jakar tacewa da ke gindin famfon, wadda asalinta fara ce, ta koma ruwan ƙasa mai duhu, na matsa ta da yatsa biyu sai wani laka-laka ya fito, gefe ɗaya kuma ta manne da kanta kamar an goge ta da dutsen guga. Guntun tiyon da ya haɗa famfo da bututun ƙarfe ya yi tauri ya tsattsage a bakin kilif, wato wani ɓangare na man da famfon ke turawa a cikin tankin yake komawa bai ma fita ba. Shekara kusan talatin a cikin fetur, ai ya yi ƙoƙari.

Guntun tiyon nan ina roƙon duk mai wannan aiki kada ya raina shi. Tiyon mai na waje an yi shi ne fetur ya bi ta cikinsa kawai, bayansa ba ya jure zama cikin fetur, in ka sa shi a tanki zai kumbura ya yi laushi ya zame ko ya fashe wata rana kana cikin gudu. Wanda ake nutsarwa a tanki an rubuta SAE J30R10 a jikinsa. Na waje mai jure matsin injekta shi ne J30R9. Akwai J30R7 da ya cika ko'ina, wannan na ƙaramin matsi ne, bai dace da nan ba. Kilif ma ka nemi mai santsi ta ciki irin na tiyon injekta, mai tsaga-tsagar nan yana cin roba. Sannan ka tanadi sabon zoben roba na bakin tanki tun kafin ka buɗe, tsohon da ya sha iska sai ya buɗe ya ƙi komawa gurbinsa, in ka tilasta shi warin fetur ba zai bar cikin motarka ba.

Da muka sa na gasken muka rufe, muka canja filtar gaba da ta 300ZX wadda ta fi ta asali girma kuma masu SR20 sun daɗe suna amfani da ita, na murɗa makulli na ji famfon ya yi zuuu na ƴan daƙiƙu ya tsaya. Ana jin muryarsa fiye da na asali, wannan gaskiya ne, in mota na silo ka kashe rediyo za ka ji shi ta baya. Ni kam ina son jin sa, kafin in tada inji na san mai ya hau.

Muka fita gwaji da gejin nan a gilashi. Ya gyaru sosai, amma can saman allurar ta ɗan sunkuya zuwa 3.7, ni har na ce ai shi ke nan an gama, dattijon ya ce a'a, kawo mita. Inji na aiki ya auna kan batir, bolt 14. Ya je but ya auna a soket ɗin famfo, 11.9. Bolt biyu cur sun ɓace a hanya, a cikin siririyar waya mai shekaru da soket-soket da suka yi kore da tsohon rilay da kuma wayar ƙasa da ta yi tsatsa. Nan ne na fahimci abin da lambar 255 take nufi. Lita 255 a awa ɗin nan a matsin kusan bar 3 ne kuma da cikakkiyar wuta. Matsi na hawa abin da famfo ke turawa na raguwa, wuta na raguwa shi ma yana raguwa, to a cikin bust duka biyun ne ke haɗuwa a kanka lokaci guda, ga shi sabon famfon ya fi tsohon jan wuta, in matsi ya hau yana kaiwa wajen amfiya 10, tsohuwar wayar sai ta ƙara shaƙewa. Ka sayi famfon 255 amma na 255 ɗin bai taɓa zuwa injinka ba.

Gyaran kuwa aikin yamma ɗaya ne wurin mai wayarin da ya san hannunsa. Waya mai kauri lamba 12 daga kan batir, fis na amfiya 20 dab da batir ɗin ba can baya ba, a bi da ita ta cikin mota nesa da salansa da duk wani ƙarfe mai kaifi har but, a sa sabon rilay na amfiya 30, tsohuwar wayar famfon ita za ta riƙa kunna rilay ɗin kawai. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, don ƙwaƙwalwar motar, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, ita ke kashe famfo in inji ya mutu, in aka yi haɗari ba ka son famfo ya ci gaba da feso fetur, saboda haka kada wani ya ce zai haɗa maka shi kai tsaye da makulli. Wayar ƙasa ma sabuwa, a kankare fenti har ƙarfe ya fito fari. Masu 300ZX da Skyline na wancan zamani su lura, nasu akwai wata na'ura da ke rage wa famfo wuta in mota na silo, sai an san yadda za a bi da ita. Bayan aikin mita ta nuna 13.7 a famfo, muryarsa ma ta canja ta zama ɗaya ba rawa, muka fita allura ta hau 3.9 ta kafe a nan har jan layi kamar an buga mata ƙusa. Wallahi daɗin da na ji a ranar ya fi na ranar da na sa salansa.

Sai kuma wani abu ya biyo baya. A silo matsin da ya kamata ya zauna 2.5 ya koma kusan 2.8, hayaƙin ya fara ɗan yaji a ido. Dalili a fili yake, a silo inji kaɗan yake sha, kusan duk abin da famfo ya turo sai ya bi ta regileta ya koma tanki, ita kuwa tsohuwar regiletar ƙofarta an yi ta ne daidai ƙaramin famfo. Na sa ta Nismo, sashen kayan tsere na Nissan, mai noti a kai wadda ke zama a gurbin ta asali, muka cire tiyon iska muka saita bar 3 daidai, muka mayar. Ba kowace mota ce ke yin haka ba, na ga masu irin motata da ba su canja ba kuma lafiya, geji ne zai gaya maka.

A kan regileta mai noti akwai wata dabara da nake jin mutane na ba juna, wai ka ƙara matsi sai ƙananan nozul ɗinka su zama manya. Suna ƙaruwa amma ba yadda ake zato ba. Ka ɗaga daga bar 3 zuwa 4, kashi 33 cikin ɗari ka ƙara na matsi, abin da nozul zai ƙara fesawa kusan kashi 15 ne kacal, 370 ya zama wajen 427. A ɗaya gefen kuma ka ɗora wa famfo kaya, yanzu a bust bar 1 sai ya tura bar 5, inda ƙarfinsa ya ragu sosai. Riba kaɗan wahala da yawa, ni ban bi ta nan ba.

Nozul ɗin asali na S14 masu cc 370 ne a minti, guda huɗu in sun buɗe gaba ɗaya 1,480 ke nan, wato kusan lita 89 a awa. Ka ga famfon 255 ya fi ƙarfinsu nesa ba kusa ba, saboda haka da rijiya ta gyaru sai guga ya zama shi ne ƙarami. Da aka haɗa kwamfuta aka duba, a saman juyi suna buɗe sama da kashi 90 cikin ɗari na lokaci, alhali masu saiti ba sa son a wuce 80 zuwa 85, don bayan nan babu sauran abin da za su ƙara in rana ta yi sanyi iska ta yi nauyi ko bust ya ɗan zarce. Na sa Nismo masu cc 555, su ma ta gefe mai ke shigarsu kamar na asali don haka bututun bai canja ba, huɗun lita 133 a awa, sun isa doki wajen 300 cikin kwanciyar hankali, turbon T28 ma ba zai kai su bango ba.

Wurin sa su ne na ga ƙwarewar dattijon nan. Kowane zoben roba sai da ya shafa masa man inji da ɗan yatsa, ya tura nozul a hankali yana juyawa har ya ji ya zauna, bai yarda ya ja shi da sukurun murfi ba. Kafin ya mayar da bututun kan inji ya ɗaga shi sama ya shimfiɗa farin tsumma a ƙasa ya ce in murɗa makulli sau uku kada in tayar. Nozul na uku a jere sai ga ɗigo yana taruwa a bakinsa, tsumma ya yi tabo. Zoben ƙasa ya ɗan cije. Ya ce “Da mun rufe a haka, cikin dare zai cika maka silinda da fetur, da safe ka buga sitata ka lanƙwasa kwanrod.” Ya canja zoben muka sake gwadawa tsumma ya fita a bushe.

Kada kowa ya sa manyan nozul ya hau titi bai yi saiti ba. 555 ya ninka 370 sau ɗaya da rabi, ƙwaƙwalwar mota ba ta san ka canja ba, za ta buɗe su tsawon lokacin da ta saba, mai ya yi yawa da rabi, fulogi su yi baƙi, fetur ya wanke man da ke jikin silinda ya gangara cikin bakin mai. Ni allon Nistune mai ba da damar yin saiti aka sa min a cikin ƙwaƙwalwar asali, wasu na sa Power FC na Apexi ko Link ko Haltech, duk wanda mai saitinka ya fi sanin kansa shi ne naka. A kan daino, na'urar da ake ɗora mota a gwada ƙarfinta tana tsaye, aka yi saitin, aka shigar da girman nozul da ɗan jinkirin buɗewarsu wanda shi ke gyara silo, aka zaunar da bust a bar 1, gejin salansa ya kwanta a 11.6 daga farkon bust har ƙarshe, nozul kuma ba su wuce kashi 70 da ɗoriya ba.

To shi famfon kansa, me zan ce? Bai ƙara min doki ko ɗaya ba, kuma duk wanda ya ce maka famfo na ƙara gudu bai faɗa maka daidai ba. Abin da ya ba ni shi ne in take totur a giya ta huɗu hankalina na kan titi, ba a kan fistin ba. Shan mai a tafiyar yau da kullum bai canja ba, don abin da inji bai sha ba tanki yake komawa. Ga mai SR20 ko wata tsohuwar turbo mai silinda huɗu da ke neman doki 250 zuwa 350 a kan fetur zalla, ban ga dalilin wuce shi ba. Akwai babban wansa mai lita 450, na ga masu ƙaramin turbo suna rawar jiki a kansa, amma wannan na masu manyan turbo ne da masu shan E85, man nan mai yawan itanol da inji ke buƙatar ƙarin kusan kashi 30 nasa, kuma shi aka ƙera don ya jure shi. In ka sa shi a motar da ba ta buƙata, wuta zai ja da yawa, ya fi ƙarfin regileta, ya yi ta zagaya mai ta kan inji mai zafi yana mayarwa tanki har man ya ɗumame.

Ɗabi'a ɗaya na canja tun da na sa shi, ba na barin tanki ya sauka ƙasa da kwata. Fetur ɗin da yake ciki shi ke sanyaya shi, sannan a doguwar kwana in mai ya yi ƙasa yana tattaruwa gefe guda famfo ya zuƙi iska, na ga gejin ya yi tsalle sau ɗaya a irin wannan kuma sau ɗayan ya ishe ni. Masu shiga filin tsere suna ƙara ɗan ƙaramin tanki na musamman saboda wannan, ni ban kai can ba.

Satin da ya wuce na canja filtar gaba na yanka tsohuwar da zarto don in ga abin da ta tara, takardar ciki ta ɗan yi duhu amma babu ƙurar ƙarfe ko kaɗan. Na mayar da gejin kan gilashi na fita, 2.5 a silo, 4 a cikakken bust, mita a but ta nuna 13.7 kamar ranar farko. Tiyon da ke dawo da mai a ƙarƙashin mota kusa da tanki shi ne kaɗai na asali da ya rage, na taɓa shi na ji ya fara tauri, na riga na sayo J30R9 mita biyu da kilif shida, ranar Asabar za mu ɗaga ta.